Zare a Cikin Tankin Baba

To, ku matso, ku gyara zama. Wanda ya zo da gyangyaɗi ya ajiye shi a bakin ƙofa, in mun gama ya ɗauki abinsa.

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar a firamare. A gida da makaranta Walƙiya ake ce mata, kuma ba a yi mata ƙarya ba. In aka aike ta, kafin a gama faɗin saƙon ta kai bakin titi. Sai ta dawo tana haki, ta ce, "Mama, me ma kika ce in sayo?"

In tana cin abinci, cokali har ihu yake yi. In tana wanka, sabulu ba ya sanin an taɓa shi.

Babanta mai gyaran tabarau ne. Shagonsa yana ƙasa, gidansu yana sama. A teburinsa akwai ƙananan ƙusoshi waɗanda tururuwa ma za ta iya saɓa ɗaya ta gudu da ita. Akwai siririyar filaya, da matsefata, da gam, da wani madubi mai ƙara girman abu. In ka kalli ƙuda da shi, sai ka rantse kaza ce.

Amma ba wannan ke tsayar da mutane a shagon ba. A jikin bango akwai wani babban tanki na gilashi, cike da ruwan gishiri irin na teku. A samansa fitila ce shuɗiya. A gefe ɗan inji yana kaɗa ruwan. Kifaye masu launi suna ta kai da kawo, a kan duwatsun ciki kuma ga murjani.

Ba murjanin da ake sa wa a wuya ba. Wannan mai rai ne. Yana da ƙananan bakuna rututu. In yana jin daɗi sai ya buɗe su kamar furanni, suna ta rangaji a cikin ruwa. In ransa ya ɓaci kuwa, sai ya tsuke ya koma kamar tsohon soso.

Wanda ya fi girma a cikinsu kore ne shar. Baba ya sa masa suna Koriya, kuma yana maganarta kamar 'yarsa. Ya samo ta tana kamar farcen yatsa, a shekarar da aka haifi Walƙiya. Yanzu ta kai faɗin faranti.

"Ku biyu na rena tare," in ji Baba. "Ita ce dai ba ta taɓa fasa mini kofi ba."

In Baba ya gama gyara wa mutum tabarau, ba ya ba shi takarda ya karanta. Sai ya ce, "Juya ka dubi Koriya. Kana ganin bakunanta ɗaya-ɗaya?" In mutum ya ce yana gani, aiki ya yi kyau ke nan.

Aikin Walƙiya shi ne ba kifaye abinci da goge gilashin da wani dogon buroshi. Tana son aikin sosai.

A ƙarƙashin teburin Baba akwai wani ƙaramin tanki mai 'yar fitila. Baba yana kiransa ɗakin baƙi. Duk sabon abin da ya zo, kifi ne ko murjani ko dutse, a nan yake sauka tukuna. Sai ya yi makonni ana kallonsa kafin ya shiga babban tanki.

"Me ya sa, Baba?" Walƙiya ta taɓa tambaya.

"Saboda baƙo ba ya zuwa shi kaɗai. Wani lokaci akwai wanda ya maƙale masa a baya, ya ce a rage masa hanya. Sai mun ga wa ya biyo shi."

Walƙiya ta ce to. Amma "to" ɗin Walƙiya ba ya kwana biyu.

Wata rana a makaranta, wani ɗan ajinsu ya tare ta a lokacin tara. Gajere ake kiransa, ko da yake ya fi kowa tsawo a ajin. Yayansa ma yana da tanki a gida. Gajere ya zaro wata kwalba daga jaka. A ciki akwai ɗan guntun murjani ruwan hoda, manne a kan ɗan dutse.

"Yayana na gyaran tanki sai wannan ya karye," in ji Gajere. "Ya ce in zubar. Na ce ina, ga Walƙiya."

"Kai, Gajere! Allah ya ƙara maka tsawo!"

"Ke, ya isa haka. Ƙofar ajin ma da kyar nake shiga."

Walƙiya ta ɗaga kwalbar ta duba. A ƙasan dutsen ta ga wasu 'yan abubuwa masu tauri, a nannaɗe, kowanne da ɗan baki kamar bututun biro. Ta ce a ranta, ai adon dutse ne. Ba ta sake kallonsu ba.

Da ta koma gida, Baba ya fita sayo gilashi. Mama tana sama tana guga. Walƙiya ta tsaya tsakanin tankuna biyu da kwalba a hannu.

Ta dubi ɗakin baƙi. Fitilarsa ba ƙarfi, ba kifi ko ɗaya. Ta dubi babban tanki, yana ta sheƙi.

"Haba," ta ce wa ɗan murjanin. "A can za ka zauna kai kaɗai kamar wanda ya yi laifi? Dube ka fa, tsaf da kai. Zan sa ka a bayan Koriya. In ka girma ka leƙo, Baba ya sha mamaki."

Ta hau benci, ta naɗe hannun riga, ta cusa ɗan dutsen a bayan dutsen Koriya, ta wajen bango, inda ido ba ya kai wa. Kafin kifaye su gane an taɓa ruwan, ta sauka ta goge hannu.

Da farko ba abin da ya faru. Walƙiya har tana yi wa kanta kirari.

Bayan 'yan makonni, wata safiya ta zuba wa kifaye abinci, sai ta ga wani abu. Wani siririn zare fari ya fito daga bayan dutse. Yana da yauƙi, yana lilo a ruwa kamar saƙar gizo-gizo. Guntayen abinci suka manne masa. Can sai aka janye shi a hankali, ya koma inda ya fito.

Walƙiya ta zabura. Ta ɗauki dogon buroshi ta kaɗa wurin. Ruwa ya koma garau.

"Shi ke nan, ya tafi," ta ce.

Washegari zare biyu suka fito. Ta share. Bayan nan kuma sai ta daina ƙirgawa. Kullum in ta zuba abinci, sai zaruruwa su miƙo, wasu su kwanta a kan Koriya. Kullum sai ta share su da sauri kafin Baba ya sauko.

Sai Koriya ta fara tsukewa ta gefe ɗaya, gefen da ke kusa da bango.

"Yunwa take ji," Walƙiya ta ce a ranta. Sai ta ƙara abinci. Rabin cokali ya zama cokali. Cokali ya zama biyu. Kifaye suka yi tumbi har suna iyo a karkace. Amma Koriya ba ta buɗe ba. Zaruruwan ne ma suka ƙara kauri.

Baba ya lura Koriya ba ta da lafiya. Ya auna gishirin ruwan, daidai yake. Ya canja ruwa bokiti-bokiti har bayansa ya riƙe. Ya ɗaga fitila, ya sauke fitila. Ya kwance injin ya wanke. Zaren dai bai gani ba, don an share kafin ya zo. Ga shi kuma tabaransa duk sun kakkarce. Ya gyara na duniya, nasa kullum sai ya ce gobe.

"Me ke damunki ne, 'yar nan?" yake ce wa Koriya, da goshinsa a jikin gilashi.

In Walƙiya ta ji haka, sai ta kau da kai. Sai ta sulale ta hau sama.

Ran nan ta ce bari ta cire ɗan dutsen nata a ɓoye. Ta zura hannu bayan dutsen Koriya. Wani abu mai kaifi ya tsage mata yatsa.

"Wayyo!"

Ta zare hannu da sauri. Ta leƙa ta gefen gilashi, ta karkata kai. Sai ta gan su. Ƙananan bututun nan sun bar ɗan dutsenta, sun bazu a kan dutsen Koriya. Sun tsaya cako-cako kamar ƙaya.

Mama ta wanke mata yatsan ta manna filasta.

"Me ya yanke ki haka?"

"Ƙofa ce, Mama."

"Wace ƙofar ce mai haƙori a gidan nan?"

Walƙiya ta sunkuyar da kai. Mama ta dube ta, ta dube ta, sannan ta sake mata hannu.

Washegari da aka tashi daga darasin kimiyya, Walƙiya ta tsaya a gaban teburin Malama. Yau ba gudu.

"Malama, ina da tambaya. Wata ƙawata ce. Ta sa wani abu a tankin babanta bai sani ba. Yanzu wani zare yana fitowa, murjanin babanta yana rufewa. Tana share zaren kullum, amma sai ya dawo."

Malama ta cire hular biro, ta mayar. Ta kalli filastar.

"Ƙawar taki ita ma ta yanke yatsa?"

Walƙiya ta ɓoye hannu a baya.

"Ni ban taɓa kiwon murjani ba," in ji Malama. "Ban san sunan abin nan ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma zare ba ya yin kansa. Akwai mai yin sa, kuma buroshi ba ya taɓa shi. Wa ya fi kowa sanin tankin nan?"

"Babanta."

"Ya san abin da aka sa a ciki?"

"A'a."

"To yana neman magani ido a rufe ke nan. Ki ce wa ƙawarki ta faɗa masa yau. Faɗa zai yi, ya wuce. In murjanin ya mutu kuwa, faɗa ba zai dawo da shi ba."

"To, Malama."

Walƙiya ta taho gida da niyyar faɗin gaskiya. Ta tarar da Baba yana dariya da wani mai jiran gyara. Ta ce bari sai anjima. Anjima ta zama gobe. Yarinyar da ba ta iya jiran shayi ya huce, sai ga shi ta iya jan ƙafa.

Ranar Asabar da safe ta zuba abinci kamar kullum. Zaruruwa suka miƙo ta ko'ina, suka lulluɓe rabin Koriya. Ta juya za ta ɗauki buroshi ke nan, sai ƙofar shago ta buɗe.

Gwaggo Tela ce. Tsohuwa ce mai ɗinki a ƙarshen layinsu, bakinta ya fi almakashinta kaifi. Ta zo karɓar tabaranta.

"Ina mai shagon? Kai, Mai Tabarau! Sauko ka ba ni idona, ɗinki na jirana!"

Baba ya sauko yana dariya. "Sannu da zuwa, Gwaggo. Ga su nan, sun zama sabbi."

Ya goge su ya sa mata. Ya juyar da ita wajen tanki. Walƙiya tana tsaye kamar an dasa ta, buroshi yana can nesa a bayan benci.

"To, Gwaggo, dubi Koriya. Me kike gani?"

Gwaggo Tela ta matsa kusa. Ta runtse ido, ta buɗe. Ta cire tabarau ta hura musu iska, ta goge da gefen mayafi, ta mayar.

"Ɗan nan, ka ɓata mini tabarau."

"Subhanallahi! Ta yaya, Gwaggo?"

"Zare nake gani. Zare ko'ina. Ka bar mini tsagewa a gilashi."

Baba ya karɓa ya ɗaga su sama, ya duba da madubinsa. "Gwaggo, gilashin nan ko ƙura babu. Ko dai idon ne ya gaji?"

"Idon wa? Ni za ka koya wa zare? Tun kafin a haife ka nake zura shi a allura! In ba a tabarau yake ba, to kifayenka sun buɗe shagon ɗinki, suna so su kashe mini kasuwa!"

Baba ya yi dariya. Sai ya cire nasa tabarau, ya ɗora na Gwaggo a hancinsa, ya dubi tanki. Dariyar ta tsaya.

Ya daɗe yana kallo. Ya bi zare ɗaya da ido har bayan dutse. Ya karkata kai ta gefen gilashi.

"Katantanwa mai bututu," ya ce a hankali. "Ta ina suka shigo? Ban sa sabon abu a tankin nan ba."

Walƙiya ta saci kallon ƙofa. Tana iya yin shiru. Ba wanda ya gan ta. Sai ta dubi Koriya, ta ga gefenta ya fara yin fari.

"Ni ce, Baba."

Baba ya juyo.

Magana ta zubo mata gaba ɗaya, da kuka da majina. Ta faɗi Gajere, da kwalba, da bayan dutse. Ta faɗi buroshi da ƙarin abinci. Ta ɗaga yatsa ta ce ba ƙofa ba ce.

"Na sani," in ji Mama daga kan bene. "Ƙofofin gidan nan duk na san halinsu."

Baba ya zauna a kan benci. Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga, da ya fi wa Walƙiya sauƙi.

"Kin tsallake ɗakin baƙi, wannan kuskure ne," ya ce. "Kowa yana kuskure. Amma kina kallona ina ɗaukar bokiti, ina kwance inji, kin san dalili, kika yi shiru. Wannan ya fi yi mini ciwo. Da kin faɗa tun zaren farko, da dutse ɗaya za mu cire, shi ke nan."

"Ka yi haƙuri, Baba. Koriya za ta mutu?"

"Ban sani ba tukuna. Share hawayenki, ki kawo babbar roba. Ke kika shigo da su, da hannunki za su fita."

Gwaggo Tela ta karɓi tabaranta ta gyara zama. "Ɗinki ya jira. Wannan kallon ba zai wuce ni ba."

Suka ɗebi ruwan tankin a roba. Baba ya sa safar hannu, ya ba Walƙiya nata. Ya ɗago dutsen Koriya a hankali ya sa a cikin robar, yadda ruwa zai rufe ta. Ya ciro ɗan dutsen Gajere ma. Ya miƙa wa Walƙiya madubi.

"Duba da kyau."

Walƙiya ta duba. A bakin wani bututu ta ga ɗan kai da 'yan ƙahoni biyu. Da inuwarta ta faɗa kansa, sai ya shige ciki.

"Kamar tsutsa!"

"Kama ce kawai. Katantanwa ce. Ita ba ta yawo da gidanta a baya. Tana manna shi a dutse, ta zauna nan har abada. In ta ji ƙanshin abinci sai ta jefa zaren yauƙi kamar mai kamun kifi, ta janyo ta cinye. Zaren nan ne ke damun Koriya, ya hana ta buɗe baki. Abincin da kika ƙara kuwa, su kika yi wa gata."

"Ka ji 'yan cin banza," in ji Gwaggo. "An rage musu hanya, sun ƙwace motar."

Baba ya ba Walƙiya siririyar filaya. Kafin ya yi bayani, ta fara. Ƙas! Ƙas! Ƙas! Ta karye kawunan bututu kamar goma.

"Na gama wannan gefen!"

"Kin gama aski dai," in ji Baba. "Duba."

Ya nuna mata da bakin matsefata. Bututun yana da gindi a nannaɗe, manne da dutse. Can ciki katantanwar take laɓewa.

"In kika karye sama kawai, gobe za ta gina sabo, ta gode miki. Gindin za ki kama, ki murƙushe, ki kankare wurin. Ɗaya bayan ɗaya."

Walƙiya ta riƙe filaya ta tsaya. "Baba, ba mugunta ba ce? Su ma abinci suke nema."

"Tambaya mai kyau. A teku akwai fili, akwai kuma masu cin su, ba sa yin yawa haka. A nan gilashi ne kusurwa huɗu. In mun bar su, sai su cika shi, komai ya mutu. Shi ya sa tun farko ba ma barin su shigo."

Walƙiya ta sunkuya. Ta kama gindin ɗaya, ta matse, ta kankare. Ta nemi na biyu. Wuyanta ya gaji. Hancinta ya yi ƙaiƙayi, ba halin sosawa. 'Yan layinsu suka leƙo suna kiranta wasa, ta ce su tafi.

Wasu bututun sun tsiro dab da jikin Koriya. Baba ya ce filaya za ta ji mata rauni. Sai ya ɗago wurin sama da ruwa kaɗan, ya tsane bakin bututun, Walƙiya ta ɗiga gam mai kauri a kai. Ɗigo ɗaya tak. Ƙofa ta toshe, ba zare kuma.

"Hannunki na rawa," in ji Gwaggo. "Riƙe numfashi, kamar za ki zura allura. Yauwa! Ashe 'yar taka tana da hannu, Mai Tabarau. Ƙafa ce ta yi mata yawa."

Har Walƙiya sai da ta yi dariya.

Da suka gama, suka goge dutsen da tsohon buroshin haƙori, suka ɗauraye shi da ruwan gishiri mai tsabta, suka mayar da Koriya wurinta. Ɗan murjanin Gajere ma aka kankare shi tas, aka sa shi a ƙaramin tanki.

"Mun gama?" in ji Walƙiya.

"Mun fara dai. Akwai 'ya'yansu da ido bai gani ba tukuna. Duk Asabar za ki duba da madubi kafin ki fita wasa. Abinci kuma ya koma rabin cokali. Sannan gobe ki je ki gaya wa yayan Gajere ya duba nasa tankin."

Ta je. Yayan Gajere ya leƙa bayan duwatsunsa, ya dafe kai da hannu biyu. Walƙiya ta nuna masa yadda ake kama gindin bututu, Gajere yana riƙe musu roba.

Ranar Litinin ta tsaya a teburin Malama.

"Malama, ƙawar nan tawa, ni ce."

"Kai, haba? Ban taɓa zato ba," in ji Malama, tana danne dariya. "Kin faɗa?"

"Na faɗa. Amma sai da aka kusa kama ni."

"Wani karon ki riga mai kamawa."

Asabar ta zo ta wuce, wata ta zo. Walƙiya tana samun bututu nan da can tana cirewa. Tun tana samun da yawa, har ya zama sai ta yi ta nema kafin ta ga ɗaya. Zare ya daina fitowa. Amma Koriya tana nan a tsuke. Kullum Walƙiya sai ta tsaya a gabanta kafin ta tafi makaranta, ta ce, "Yi haƙuri mana, Yaya Koriya."

Wata rana ta dawo daga makaranta, ta tarar da Baba da Mama tsaye a gaban tanki. Ta tsaya cak. Ta ajiye jaka ta matso a hankali.

Koriya ta buɗe. Bakunanta kore shar, suna ta rangaji, wani ɗan kifi yana wasa a tsakaninsu. Wuri ɗaya ne kawai ta gefen bango ya rage fari fat, kamar girman maɓallin riga.

"Ta warke! Baba, ta warke!" Sai ta nuna farin wurin. "Nan fa?"

"Nan ya mutu," in ji Baba. "Amma na gefensa za su bazu su rufe shi, in mun ba su lokaci."

Walƙiya ta ƙura wa tabon ido. "Da na faɗa da wuri, da babu shi."

"Haka ne. Da kuma kin ƙara yin shiru, da duk jikinta haka zai zama." Ya dafa kanta. "Me kika koya?"

"Dokar da ka sa tana da dalili, ko ban gane shi ba. Kuma in na yi kuskure in faɗa nan da nan, kada in tsaya sharewa."

"Shi ke nan," in ji Mama. "Zo ki ci abinci. Yau har da ƙari."

Walƙiya ta rungume Baba, ta rungume Mama. Ta so ta rungume tankin ma, aka riƙe ta.

To kun ji, yara. In babba ya ce a jira, a jira, akwai abin da ya hango. In kuma an riga an yi ɓarna, a faɗa tun tana ƙarama, don ɓoye ta ba ya sa ta tafi, girma yake ƙara mata.

Labari ya ƙare, ku tashi haka nan. Wanda kuma yake da wani zare da yake sharewa a ɓoye, ya san kansa. Ga hanya nan, Baba da Mama suna gida.